AKWATIN WIFI NA GIDA: A YI MASA YAƁE TUN DAMANA BA TA FAƊI BA

A yau, in ka shiga gidan ma'aikaci ko na ɗan kasuwa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, da wuya ka fito ba ka ga wani ɗan akwati bisa tebur ko bisa taga ba, mai ƙahonni biyu ko huɗu, ƴan fitilunsa suna ƙyaftawa dare da rana. Shi ne akwatin wifi, wanda masu sayarwa ke kira rutar ko modem. Shi ke karɓo intanet daga waya ko daga katin SIM, ya rarraba wa mutanen gida: maigida da uwargida da salularsu, ɗalibi da kwamfutarsa, har da baƙon da ya sauka aka ba shi kalmar sirri don kunya. Ranar da aka saye shi, an yi murna, an ɗora shi wuri mai kyau. Daga wannan rana kuwa, ba wanda ya sake waiwayarsa, sai in intanet ta tsaya, a cire masa wuta a mayar.

To, ƴan'uwa masu karatu, wannan mantuwa ita ce zancenmu na yau. Duk mai gidan ƙasa ya san ba a gina soro a bar shi haka. Kowace shekara, kafin ruwan farko, sai a kwaɓa ƙasa, a bi tsaga a toshe, a yi sabon yaɓe. Akwatin wifi ma yana da nasa yaɓen, kuma mai shi yana iya yi da hannunsa, cikin ƙasa da rabin awa, ba tare da ya biya ko dala ba, in dai ya san yadda ake yi da lokacin da ya kamata a yi.

MENE NE A CIKIN AKWATIN?

Akwatin nan ƙaramar kwamfuta ce, ko da ya ke ba shi da allon kallo. Yana da ƙwaƙwalwa, yana da ma'ajiya wadda ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta. A cikin wannan ma'ajiya ne masu ƙera shi suka rubuta ka'idojin aikinsa duka: yadda zai gane salular gida, yadda zai tambayi kalmar sirri, wanda zai buɗe wa ƙofa da wanda zai hana. Waɗannan ka'idoji su ne mu ke kira manhajar ciki. Da Faransanci ana rubuta «micrologiciel», kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kalma, don ita ce zai gani a rubuce in ya shiga shafin akwatinsa.

Manhajar ciki aikin ɗan Adam ce, shi kuwa ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. Rubutu ne mai layi dubbai bisa dubbai, ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren ba ya wuce ya sa intanet ta riƙa yankewa. Wani kuwa tsaga ce sosai, wadda mugun mutum zai iya bi ya shigo daga can wata uwa duniya, ba tare da ya san kalmar sirrin kowa ba. In masana suka gano irin wannan tsaga, sai su sanar da kamfanin da ya ƙera akwatin, shi kuma ya rubuta sabuwar manhaja mai gyara, ya ajiye ta a shafinsa na intanet kyauta. Nan ne gizo ke saƙar: daga ranar da aka bayyana gyaran, ɓarayi ma sun san inda tsagar ta ke. Wanda ya sabunta ya tsira. Wanda bai sabunta ba, kamar mutum ne da aka yi shela a kasuwa cewa makullin ƙofarsa ya lalace, shi kaɗai ne bai ji ba.

ABIN DA YA FARU GA WASU

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A shekara ta 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Dabararta ba ta da wuya: tana bin na'urorin da ke haɗe da intanet ɗaya bayan ɗaya, tana gwada musu sunaye da kalmomin sirri wajen 60, irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta, mutane ba su canja ba. Da haka ta kama akwatunan wifi da kyamarorin tsaro dubu ɗaruruwa, ta mai da su rundunar da ke jiran umurni. Ranar 21 ga watan Oktoba na 2016 aka saki wannan runduna bisa wani kamfani na Amurka mai suna Dyn, sai manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagara shiga ga mutane masu ɗimbin yawa, har tsawon sa'o'i.

Cikin watan Nuwamba na wannan shekara, abin ya zo kusa da mu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani nau'i na Mirai ya afka wa kamfanin tarho na Lonestar a ƙasar Laberiya, bayan da wani ma'aikacin kamfani abokin gasa ya biya shi kuɗi. Mutanen da ke kan wannan layi suka riƙa rasa intanet, harkokinsu suka tsaya. A ƙarshen wannan wata kuma, yana neman ƙara wa rundunarsa yawa, ya taɓa akwatunan kamfanin Deutsche Telekom a Jamus, gidaje wajen dubu 900 suka rasa sadarwa. Maganin da kamfanin ya yi shi ne fito da sabuwar manhajar ciki, ya ce wa jama'a su cire wa akwatin wuta su mayar, don ya ɗauko gyaran da kansa. Shi kuwa Kaye, kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8 a watan Janairu na 2019.

A watan Mayu na 2018 masu bincike na kamfanin Cisco suka bayyana wata cutar mai suna VPNFilter, wadda ta shiga na'urori aƙalla dubu 500 a ƙasashe 54. Ita wannan tana leƙen abin da ke wucewa ta cikin akwatin, kuma tana iya kashe shi ɗungum in aka umurce ta. A wannan shekara ce kuma aka gano akwatuna fiye da dubu 100, yawancinsu a ƙasar Barazil, waɗanda aka karkatar wa hanya: mutum ya rubuta adireshin bankinsa daidai, amma akwatinsa na gida ya kai shi shafin jabu mai kama da na gaskiya, ya zuba lambobinsa na sirri da hannunsa.

Darasin da ke cikin waɗannan labaru biyu ne. Na farko, ɓarawon intanet ba ya tambayar ko kai attajiri ne ko talaka. Injinsa ne ke yawo yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa, wadda ta buɗe ya shiga. Na biyu, sakacin mutum ba ya tsayawa a kansa. Masu na'urorin da aka yaƙi Laberiya da su suna gidajensu suna barci, ba su san an ɗauki kayansu aikin ɓarna ba. Yau da albashi, da kuɗin ciniki, da saƙon da ɗan ci-rani ke aiko wa iyayensa duk ke bi ta salula, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

SHIRI KAFIN A FARA

Abu na farko, a san irin akwatin da ake da shi. In kamfanin sadarwa ne ya ba ka shi tare da layi, har da tambarinsa a jiki, to galibi kamfanin ne ke aiko da sabuntawa daga nesa. Irin wannan akwati kada ka zuba masa manhajar da ka samo wani wuri. Ka je biron kamfanin ka tambaya. In kuwa a kasuwa ko a kanti ka saye shi da kuɗinka, irin su TP-Link, D-Link, Tenda, Netgear ko Huawei, to nauyin yana wuyanka.

Abu na biyu, a juya akwatin a karanta ƴar takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsa. A nan aka rubuta sunan samfurin, da lambar ƙirarsa, kamar V1, V2 ko V3, da adireshin shiga shafinsa, da suna da kalmar sirri ta asali. A kwafe su cikin littafi harafi bayan harafi. Wannan lambar ƙira ba wasa ba ce: akwati biyu suna iya zama da suna guda da kama guda, amma kayan cikinsu dabam. Manhajar V2 in aka zuba wa V1, kamar an ba maras lafiya maganin wani ne.

Abu na uku, a rubuta saitin da ke ciki, don wani lokaci sabuntawa tana share shi: sunan wifi da kalmar sirrinsa, lambar PIN ta katin SIM, sunan hanyar shiga da ake kira APN, ko kuma suna da kalmar sirrin da kamfani ya bayar ga masu layin waya. Akwatuna da yawa suna da wurin da aka rubuta «Sauvegarde», inda mutum zai adana saitin duka cikin fishiye guda.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowane muhimmanci a ƙasarmu, shi ne wuta. Lokacin sabuntawa, akwatin yana share tsohuwar manhaja yana rubuta sabuwa a gurbinta. In wuta ta ɗauke a tsakiya, tsohuwa ta tafi, sabuwa ba ta cika ba, sai akwatin ya zama kamar tubali: fitila tana ci, amma ba ya ji, ba ya gani. Wasu akwatuna masu tsada suna ajiye manhaja biyu, in ɗaya ta lalace su tashi da ɗayar, amma masu arha da suka fi yawa a gidajenmu ba duka ke da wannan ba. Kowa kuwa ya san halin lantarki a watannin bazara, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ya tsananta, fanka da na'urorin sanyi suka yi wa layi yawa. Saboda haka kada a fara wannan aiki da tsakar rana a bazara, ko lokacin da hadari ya haɗo. Mai ondila, watau na'urar nan mai ajiye wuta, ya haɗa akwatin da ita. Mai batirin hasken rana ya yi amfani da shi, bayan ya tabbata ya cika. Mai gurup ya duba mai tukuna. Mai ƙaramin akwatin aljihu na 4G ya cika batirinsa, ya bar shi a jone. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya ɗauki akwatinsa zuwa wurin da ke da su. Ba shi da nauyi.

YADDA AKE SABUNTAWA

1. A haɗa kwamfuta da akwatin ta waya, irin wadda ke zuwa cikin kwalinsa, a soka ta cikin ɗaya daga ramukan da aka rubuta LAN. Waya ta fi wifi tabbas. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya yi da salula, amma ya zauna dab da akwatin, ya kuma roƙi mutanen gida su dakata da kallon bidiyo.

2. A buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta adireshin da aka kwafo daga ƙarƙashin akwatin. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei masu katin SIM kuwa 192.168.8.1. Sai shafi ya fito yana neman suna da kalmar sirri. A lura, wannan ba kalmar sirrin wifi ba ce da ake ba baƙo. Waccan ta shiga zaure ce, wannan kuwa ta turakar maigida.

3. A nemi sashen da aka rubuta «Système», ko «Administration», ko «Outils système», a cikinsa a nemi «Mise à jour du micrologiciel». A akwatunan da ke magana da Ingilishi kalmar ita ce «Firmware». A nan za a ga lambar manhajar da ke ciki, sau da yawa har da shekarar da aka yi ta. A rubuta ta.

4. In akwai maɓallin neman sabuwa ta intanet, a danna shi. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, mafi aminci, don akwatin da kansa zai ɗauko abin da ya dace da shi. A tabbata dai akwai isasshen forfe a layin.

5. In babu wannan maɓalli, sai a je shafin kamfanin da ya ƙera akwatin, a nemi samfurin da lambar ƙirarsa, da yankin da aka yi shi dominsa in an rubuta, kamar EU ko US. A sauko da fishiyen. In a ƙunshe ya zo, mai ƙarewa da zip, a kwance shi tukuna, a fito da na ciki, wanda galibi ke ƙarewa da bin. Sa'an nan a koma shafin akwatin a nuna masa fishiyen. Kada a karɓi manhaja daga saƙon WhatsApp, ko daga wani shafi da ke alkawarin intanet kyauta ko buɗe akwati ga kowane layi. Mai neman shiga gidanka ba abin da ya fi so kamar ka zuba dafinsa da hannunka.

6. Da an danna maɓallin farawa, sai haƙuri. Kada a taɓa waya, kada a rufe shafin, kada a cire wuta ko da an ga fitilu suna mutuwa suna kamawa. Aikin yakan ɗauki minti 3 zuwa 10, akwatin kuma zai mutu ya tashi da kansa. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, a nan kuwa tana iya cin kuɗin sabon akwati.

7. Bayan ya tashi, a sake shiga a duba ko lambar manhaja ta canja. In intanet ta ƙi zuwa, a mai da saitin da aka rubuta a littafi. In abin ya rikice, akwai wani ɗan rami a bayan akwatin da aka rubuta Reset: a soka tsinke a danne wajen daƙiƙa 10, zai koma kamar ranar da aka saye shi, sai a sake saitawa.

In ƙaddara ta faɗa, wuta ta ɗauke a tsakiya, kada a yi saurin jefar da akwatin. Samfura da dama suna da hanyar ceto ta waya, wadda mai gyaran da ya san aikinsa zai iya bi.

TUN DA AN SHIGA, A ƘARASA LADAN

Yaɓe ba ya amfani in an bar ƙofa a buɗe. Wanda ya shiga shafin akwatinsa, kada ya fito sai ya canja kalmar sirrin turaka. Kalmar «admin» da ake fitowa da ita, ita ce irin wadda Mirai ta fara gwadawa. A zaɓi doguwa, mai haruffa 12 ko fiye, wadda ba sunan ɗa ba, ba lambar tarho ba, ba shekarar haihuwa ba, a rubuta ta a ajiye inda ake ajiye takardun gida.

A duba kuma irin makullin wifi. Tsohon makulli mai suna WEP tun 2001 masana suka nuna ana karya shi. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in akwatin yana da shi. Shi kansa WPA2 an gano masa rauni a watan Oktoba na 2017, ta hannun wani mai bincike na jami'ar Luban a ƙasar Beljik, Mathy Vanhoef, kuma ba a toshe raunin da komi ba sai da sabunta manhajojin salula da kwamfuta da akwatuna. A kashe abin da ake kira WPS, wanda tun 2011 aka nuna ana iya gano lambarsa mai alƙaluma 8 da gwaji kamar dubu 11 kawai, aikin ƴan sa'o'i ga kwamfuta. A kashe «Gestion à distance», watau sarrafa akwati daga nesa, sai fa in kamfanin layi ne ya kunna don aikinsa.

Sababbin akwatuna suna da sabuntawa ta kai tsaye, wadda ke yin kanta cikin dare. Abu ne mai kyau, a kunna shi. Sai dai in akwatin ya ba da zaɓin lokaci, kowa ya san sa'ar da wuta ta fi zama a unguwarsa, ya zaɓi ita.

IN AKWATI YA TSUFA

Akwai ranar da kamfani ke daina yi wa samfuri gyara. Daga nan akwatin yana aiki, fitilunsa suna ci, amma duk tsagar da aka gano ba mai toshe ta har abada. In ka duba shafin kamfani ka ga shekaru sun shuɗe ba a fito da sabuwar manhaja ba, ko an rubuta cewa an daina kula da samfurin, to lokacin canji ya yi. Masu ilmin kwamfuta suna iya sa wa wasu samfura wata manhaja ta kyauta mai suna OpenWrt, wadda aka fara tun 2004, amma wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Wasu ƙasashe sun kafa doka bisa wannan al'amari. Tun watan Afrilu na 2024 Ingila ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin ganewa, ta kuma tilasta wa masu ƙerawa su faɗi tsawon lokacin da za su riƙa yin gyara. Tarayyar Turai ma ta zartar da doka mai kama da wannan a 2024. Abin lura gare mu shi ne, kayan da aka daina so can, sau da yawa kasuwanninmu su ke nufa. Mai sayen akwati na hannu ya duba sunan samfurin a intanet tun bai biya ba. Arha ba ta ado in ƙofar gida ce za a saya maras makulli.

KIRA GA JAMA'A DA MA'AIKATA

Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, da dokar hukunta laifuffukan intanet ta ranar 3 ga watan Yuli na 2019. Amma doka tana kama ɓarawo ne bayan ya yi sata, shi kuwa wannan ɓarawo yana iya zama a wata nahiya. Rigakafi ya fi magani. A birori da dama, da gidajen magajin gari, da ɗakunan likita, da makarantu, akwatin da ke aiki irin na gida ne, kuma ta cikinsa takardun haihuwa, da jerin albashi, da sunayen marasa lafiya ke wucewa. Ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya ɗora wa mutum guda wannan nauyi, a buɗe littafi, a rubuta samfurin akwati, da lambar manhaja, da ranar da aka duba, kamar yadda ake yi wa motar aiki littafin juyen mai.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi rana. Wanda ya iya karanta V2 ya bambanta ta da V3, ya iya kwafe lamba ba kuskure, ya iya wannan aiki. Ku fara da gidajenku, sa'an nan ku taimaki maƙwabcin da bai samu zuwa aji ba. Duba sau ɗaya kowane wata uku ya isa. Wanda ke tsoron mantuwa ya ɗaura abin bisa lokutan da ya sani: farkon sanyi, kafin zafin bazara, kafin ruwan farko, da bayan kaka. Ranar da aka kira magini ya duba indararo, a tuna da ɗan akwatin da ke bisa taga.

Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyarmu da asirin gidajenmu, amin.